Tulun da Babba Ba Ya Sha

Akwai wani ƙamshi da yumɓu ke yi idan ya sha ruwa. Yana kama da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, sai dai ya fi sanyi, ya fi nauyi. Kwanan baya na bi ta wajen masu tukwane a babbar kasuwar Garwa, wata mata tana yayyafa wa kayanta ruwa don su yi kyan gani, sai ƙamshin ya tare ni. Na tsaya a bakin hanya da jakar takardun ɗalibaina a kafaɗa, masu babur suna ta kauce mini suna tsaki, ni kuwa na riga na koma ɗakin kakata a unguwar Pumpumre.

Gara in faɗa muku tun yanzu: tarihi na karanta a jami'a, shi nake koyarwa, kuma abu na farko da aka koya mana shi ne kada mu dogara da bakin mutum ɗaya. Labarin nan bakin mutum ɗaya ne, ita ma ji ta yi. Mai yiwuwa na manta wani abu, mai yiwuwa na ƙara wani ban sani ba. Ku riƙe shi yadda kuka ga ya dace.

Mu Hausawan Garwa ne, irin waɗanda kakanninsu suka zo fatauci daga wajen Kano suka zauna. A gida Hausa, a titi Fulatanci, a lekwal, wato makaranta, Faransanci. Babana shinkafa yake sarowa daga Yagwa. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Dada kamar yadda ake kiran uwa a garin, ɗakinta yana can ƙarshen gida kusa da darbejiya. Wurinta aka kai ni yaye, ban kuma dawo ɗakin uwata ba.

Babana ne ɗanta na fari, kuma ta riƙe kunyar nan ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kowace safiya zai zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuma ta juyo wurina.

"Ke, gaya wa mai gidan nan rufin ɗakina yana yoyo."

Shi ma, yana durƙushe kusa da ita har zai iya taɓa tabarmarta, sai ya ce da ni, "Ce mata za a kira mai gyara."

Na girma ina tsammanin haka kowace uwa ke magana da ɗanta.

A bayan ƙofarta akwai wani tulu, baƙi, ba babba ba, an rufe bakinsa da ɗan faifai. Kullum bayan sallar asuba sai ta ɗauke shi ta juye ruwan jiya a gindin darbejiya, ta ɗauraye, ta cika shi da sabo. Ba ta yarda wani ya yi mata wannan aikin, ko da ƙafa na damunta. Ruwan ya fi na kowace randa sanyi a gidan. Amma yana da doka guda: yara kaɗai ke sha. Kowane yaro, namu ko na maƙwabta, ko ɗan mai tallan gyaɗa da ya biyo uwarsa. Da zarar yarinya ta fara cika azumi, ko muryar yaro ta fara buɗewa, an gama da shi. Ita kanta Dada ban taɓa ganin ta kai shi baki ba, ko a buɗa-bakin azumin da ya faɗo tsakiyar bazara. In an tambaye ta dalili, abu ɗaya take cewa: "Na yara ne."

Shekarar da abin ya faru ina ajin farko na kwaleji. Lokacin ne kalmar lakiriz, wato matsin tattalin arziki, ta shiga bakin kowa, har tsofaffin da ba su jin Faransanci. Albashi yana makara, masu auduga suna kuka, ciniki ya yi sanyi. Bazara kuma ta zo da irin zafin da sai wanda ya zauna a Garwa ya san shi. Kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai da tsakar rana. Kogin Binuwai ya janye ya bar rairayi fari. Famfo kan ɗauke ba sallama, ya dawo lokacin da ya ga dama.

Wata rana abokin cinikin babana ya sauka daga Kuseri, dattijo mai furfura, ya sha hanya. Ruwa ya ɗauke tun jiya, mai kawo mana a kura bai zo ba, randunan gida sai laka a gindi. Babana ya aiko ni ciki in kawo wa baƙo ruwa. Uwata ta buɗe randa ta nuna mini, sannan ta kalli wajen ɗakin Dada. Na je na faɗa. Dada ta ce a'a. Na koma zaure na raɗa wa babana, sai ya taso da kansa ya durƙusa inda ya saba.

"Ce mata baƙo ne. Ce mata dattijo ne, tun safe yake cikin mota."

"Ce masa na yara ne."

Ana cikin haka ɗan maƙwabtanmu ya shigo a guje, gumi har wuya, ya miƙa hannu kamar kullum. Dada ta karkata tulun ta cika masa moɗa, a gaban babana. Ina jin ƙarar ruwan nan har yau. Baƙon dai lemon kwalba mai ɗumi aka sayo masa a kanti, ya sha yana godiya, ya ce ba komai. Amma ku da kuka san gidajenmu kun san nauyin a ce an hana baƙo ruwa a gidan mutum.

Maganar ba ta tsaya a gida ba. A shekarun ne samari masu sabon wa'azi suka fara yawa, suna bin al'adu ɗaya bayan ɗaya suna tambayar asalinsu. Ƙanen babana yana cikinsu. Na ji shi a zaure yana ce wa babana tulun da ake cikawa kullum, a zubar a gindin itace, a hana babba sha, ba shi da wani suna sai tsafi. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, abin mutanen dutse ne masu addinin gargajiya, kuma su biyun sun san inda ya fito. Ranar na fara jin cewa akwai jinin dutse a jikinmu. A Garwa ta wancan lokaci, a ce da mutum ɗan dutse ba yabo ba ne. Ba na jin ya zama yabo har yanzu, amma wannan wata magana ce.

Da babana zai tafi Yagwa ɗauko kaya, ya zo sallama. Bai durƙusa sosai ba.

"Ce mata in na dawo ba na so in tarar da tulun nan. In ba a fitar da shi ba, ni zan fasa shi da hannuna."

Na maimaita. Dada tana tsince wake a faifai. Ta ce, "Na ji." Daga ranar abincinta ya ragu. Ta ci gaba da cika tulun kowace asuba, sai dai takan daɗe a tsaye da shi a gindin darbejiya kafin ta juye.

A makon ne muka kai darasin Rumawa. Malaminmu na tarihi mutumin Kudu ne, siriri, muna ce masa Misye kawai. An ce wata da watanni bai ga albashi ba, kuma zafin Garwa bai taɓa karɓarsa ba. Kullum da hankici a wuya. Ran nan bayan azahar aji ya yi luƙus, rabinmu na gyangyaɗi. Sai ya rufe littafi, ya ɗauki alli ya zana wani dutse mai tsayi, gefensa a miƙe, samansa a shimfiɗe kamar faranti. Wani daga baya ya ce ai wannan dutsen hanyar Pitowa ne, aka yi dariya. Misye ya ce a'a, sunansa Masada, yana cikin hamada kusa da Tekun Gishiri a ƙasar Yahudawa ta da.

Na san a yau ambaton Yahudawa kan ja magana ta tafi wani wuri. Ba can na nufa ba. Abin da Misye ya ba mu ya faru kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Ya ce wani sarki mai tsoron mutanensa ne ya gina fada a saman dutsen, da rumbuna, da manyan ramuka da aka sassaƙa cikin dutse don tara ruwan sama, ta yadda mutum zai zauna can shekaru a wurin da ko ciyawa ba ta fita. Bayan sarkin ya daɗe da mutuwa, Yahudawa suka yi wa Rumawa tawaye. Rumawa suka ci birnin Ƙudus suka rushe babban ɗakin ibadarsu. Ragowar masu tawaye, da matansu da 'ya'yansu, kusan mutum dubu, suka tare a saman Masada. Rumawa suka zo suka kewaye dutsen da katanga don kada kowa ya fita. Da suka ga ba hanyar hawa, sai suka shiga tara ƙasa da duwatsu a gefe guda, kullum ana ƙarawa, na sama suna kallo, har tudun ya kai bakin ganuwa. Daren ƙarshe mazan suka yi shawara cewa ba za su sauka bayi ba. Suka kashe iyalansu, suka jefa ƙuri'a a kan waɗanda za su kashe sauran, na ƙarshe ya kashe kansa. An ce shugabansu ya ce a ƙone komai amma a bar rumbun abinci, don Rumawa su san ba yunwa ce ta ci su ba. Da safe Rumawa suka shiga suka tarar da shiru.

Ba wanda ya ƙara gyangyaɗi. Yaran maza suka fita suna gardama a kan wa zai iya, wa ba zai iya ba.

Na iske Dada kwance a tabarma tana fifita. Don in ɗauke mata hankali na shiga ba ta labarin. Ba ta kula da sarki ba, ba ta kula da Rumawa ba. Da na zo kan ramukan ruwa sai ta tashi zaune, ta tambaye ni zurfinsu, da ko ana rufe su, da wa ke rabon ruwan. Ban sani ba. Da na kai ƙarshe sai ta ce:

"Duka suka mutu?"

"Duka, Dada."

"To wa ya gaya wa malamin naku abin da suka ce wa juna a saman?"

Na ce a littafi yake.

"Shi littafin wa ya gaya masa? 'Yar boko, akwai wadda ta ɓuya. Je ki tambaye shi. Mace ce."

Ni mai tsoro ce tun ina ƙarama, ban kuma warke ba. Na kwana biyu ina juya tambayar a ciki, ina tsoron kada Misye ya ɗauka ƙaryata shi nake yi. Daga baya na tsaya bayan an tashi, yana kakkaɓe alli daga hannunsa, na tambaya. Ya dube ni, ya ce a ina na karanta. Na ce kakata ce ta aiko ni. Ya goge wuya da hankicin, ya ce kakata tana da gaskiya. Mata biyu ne, ɗaya tsohuwa, da yara biyar. Sun ɓuya a cikin hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, da suka ji muryar Rumawa suka fito suka faɗi abin da ya faru. Ya ce a littafin ma wurin bai fi layi kaɗan ba, shi ya sa mutum kan tsallake. Na ce me ya same su bayan nan. Ya ce ba a rubuta ba.

Da na kai wa Dada, ta daɗe tana kallon bayan ƙofa.

"Biyar," ta ce. "Namu huɗu ne."



Babana ya dawo wata ranar bayan la'asar, a gajiye, ƙurar buhuna a rigarsa. Ya zo gaisuwa. Ƙofar a buɗe take, tulun yana inda yake. Na ga idonsa ya sauka a kai. Kafin ya yi magana Dada ta ce da ni in zauna.

"Gaya wa mai gidan nan, uwata a kan dutse aka haife ta."

Na maimaita. Ta ci gaba, ina maimaitawa, har na lura ba mai jin muryata, na yi shiru. Ta ce uwarta tana ƙarama mahaya suka zo suka zauna a gindin dutsensu. Ba ta ce ko su waye ba, ni ma ba zan yi hasashe ba. Zamanin yana da mahaya iri-iri. Ba su hau ba. Sun zauna ne kawai a kan idon ruwan da ke ƙasa, da bazara, suka jira. Na sama suka tattara duk ruwan da ke gare su wuri ɗaya, dattawa suna rabawa, aka rantse ba wanda zai ɓoye ko kurɓi. Kakarta, uwar uwarta, ta rantse tare da kowa. Amma tana da tulu guda da ta riga ta tura cikin wani tsagin dutse, ba ta fito da shi ba.

Ruwan taro ya ƙare. Mazan suka ce ba za su sauka a ɗaure ba, kuma ba za su bar 'ya'yansu a sauke su a ɗaure ba. Dada ba ta faɗi yadda suka yi ba. Ta ce dai kafin a yi, matar nan ta ja yara huɗu, biyu nata biyu na wasu, ta shige tsagin da su. Suna ciki suna jin komai. Mijinta yana waje, leɓensa ya tsage don ƙishirwa, ya yi ta kiran sunanta, ba ta amsa ba. Tana ba yaran ruwa da tafin hannu. Ita ba ta sha ba, ko sau ɗaya, don ta ce ruwan rantsuwa ne, ya haramta ga duk wanda ya isa rantsewa. Da tulun ya ƙare ta fito da su suka sauka. Aka kama su, aka raba. Uwar Dada ta ƙare a gidan wani bafatake, can ta musulunta, can ta yi aure. Abin da ta riƙe daga dutse shi ne wannan: tulu a bayan ƙofa, kullum a cike, babba ba ya sha.

"Ce masa ba na roƙon tulu komai. Allah nake roƙo, shi ma ya sani. Ce masa ban ce matar nan ta yi daidai ba. Ta ci rantsuwa, ta bar mijinta yana kira."

Sai ta yi abin da ban taɓa gani ba, ban kuma sake gani ba. Ta juya fuskarta ta dubi babana.

"Amma da ta fito da ruwan nan an raba, da babu ni. Da babu kai."

Babana ya sunkuyar da kai. Kiran sallar magariba ya fara tasowa daga nesa. Sannan ya miƙe, ya shiga ɗakin, abin da ba ya yi, ya ɗauki tulun. Ya fita da shi tsakar gida, wajen da turmi da taɓarya suke. Ya wuce su. Ya je ga durom ɗin da mai kura ya cika da rana, ya cika tulun, don yara sun sha ya yi rabi, ya dawo da shi ya ajiye a bayan ƙofa.

"Ce mata faifan nan ya tsufa. In na je kasuwar Pitowa zan sayo wani."

Ba zan ce komai ya warware ba. Ƙanen babana bai gamsu ba, ya daɗe ba ya cin abincin gidanmu. Abin da babana ya ce masa kawai shi ne ruwa ne aka ajiye wa yara, in akwai inda addini ya hana hakan ya nuna masa. Ya kuma sayi randa babba ya kafa a zaure saboda baƙi. Maganar dutse kuwa ba a sake tayar da ita ba, ko a gida.

A jami'a na sake haɗuwa da Masada. Na karanta cewa masu tonon ƙasa sun sami tudun Rumawa, da ramukan ruwa, da rumbunan, amma masana suna gardama a kan ko mutuwar ta faru yadda aka faɗa, don mutum ɗaya ne ya rubuta ta, shi ma ba ya wurin, kuma a lokacin yana cin abincin Rumawa. Na so in yi aikin kammala karatuna a kan dutsen Dada. Malamin da ke duba ni ya tambaye ni sunan dutsen, da shekarar, da shaida ta biyu. Ba ni da ko ɗaya. Bai yi laifi ba. Ni ma abin da nake tambayar ɗalibaina ke nan. Na sauya batu. Amma duk sanda mota ta bi da ni hanyar Pitowa nakan kalli duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai, in rasa wanne zan kalla.

Dada ta daɗe da rasuwa. An raba gidan Pumpumre, an sare darbejiyar an yi shago a wurin. Tulunta ya tsage shekarun baya, wanda ke bayan ƙofata yanzu na saya ne. 'Ya'yana sun fi son ruwan leda mai sanyi. Masu shan nawa yawanci yaran mutanen da rikici ya koro daga can arewa ne, da suka kama haya a layinmu. Ba na tambayar iyayensu abin da suka baro. Famfo har yau yana ɗaukewa kamar da. Wata safiyar nakan tashi a gajiye, ga takardu ban duba ba, in tsaya da tulun a hannu ina tambayar kaina ko ina da dalili, ko kuwa tsoron dainawa kawai nake yi. Ba ni da amsar da zan iya karewa a gaban masana.

Babana yana wurina yanzu. Ya tsufa ƙwarai, sunaye sun zube masa. Wani lokaci yakan ɗauke ni uwarsa, sai ya ƙi kallon idona, ya yi magana ta bakin ƙaramar 'yata. Bazarar da ta wuce ruwa ya ɗauke tun dare, wuta ma babu, na aika a nemo mai kura bai zo ba. Na same shi zaune a inuwa, leɓensa a bushe, yana haɗiyar iska. Na tsaya ina lissafi. Na ce a raina mutumin da ake ba abinci a baki, ake yi wa wanka, ai ya koma yaro; ko Dada ba za ta ce a'a ba. Na ce wa 'yata ta zuba masa daga tulun.

Ta kai masa moɗar. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai kusa da fuska, ya shaƙi ƙamshin. Sai ya miƙa mata abarta.

"Sha," ya ce. "Ce mata na gode. Na yara ne."